Hayaƙin taurari masu mutuwa da tarihin sinadarai cikin tsofaffin galaksi

Matsalar da za mu duba cikin wannan takarda ita ce: ta yaya ake auna oksijen cikin galaksi, wato garken taurari, wanda ya daɗe da daina haihuwa? Inda ake haihuwar taurari, gajimaren gas mai haske ya wadatar. Tsofaffin galaksi irin su M32 ba su da shi.

Tauraron da nauyinsa bai wuce na rana sau 8 ba, in ƙarshensa ya zo, yakan tuɓe ɓawonsa na waje. Ƙwayar da ta rage, mai tsananin zafi, ita ke haskaka gas ɗin har shekaru dubu 20 ko kusa da haka. Shi ne ake kira «nébuleuse planétaire» da faransanci, ko da yake babu ruwansa da duniyoyi. Ƙananan madubin hangen nesa na ƙarni na 18 ne suka nuna shi kamar su. Haskensa mafi ƙarfi layi ne kore a nanomita 500,7, wanda Ira Bowen ya tabbatar a 1927 cewa na oksijen ne. Da wannan layi ake tsinto hayaƙin ɗaya-ɗaya har cikin Centaurus A, mai nisan shekarun haske miliyan 12.

Amma fa dole mu yi hattara. Tauraron ya dafa wasu sinadarai cikin cikinsa: karbon, azot da heliyom da muke gani ba gadonsa ba ne kaɗai. Argon da farar wuta kuwa suna nan yadda ya same su ranar haihuwarsa, shekaru biliyoyi da suka wuce. Oksijen yawanci haka yake, sai dai a taurari masu ƙarancin sinadarai yakan ƙaru. Shi ya sa, a ganinmu, argon ya fi zama abin dogaro. Yana da wata fa'ida kuma: manyan taurari na zuba oksijen da wuri, alhali wani kaso na argon sai daga baya yake zuwa, daga fashewar da ake kira supanoba Ia. Gwada su biyun na nuna saurin haihuwar taurari. Da haka, a 2022, aka rarrabe zuriya biyu cikin faifan Andromeda, ƙaramar ta biyo bayan haɗewa da wani galaksi.

Cikas ɗin shi ne zafin gas. Auna shi kai tsaye na buƙatar layin nanomita 436,3, wanda ya fi koren rauni kusan sau 100. In nisa ya yi yawa, hayaƙi mafi haske kaɗai ke aunuwa, kuma ba lallai su wakilci sauran ba.