Tsakanin "reason" da 'yan'uwansa

 Yau a filinmu na harshe wata kalmar Turanci guda ɗaya za mu riƙe, wato "reason". Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya ci karo da ita tun a littattafan shirin jarrabawar shiga sakandare, inda ake da sashen "verbal reasoning" da na "quantitative reasoning". Ka tsayar da ɗalibi ka tambaye shi ma'anarta, zai ce maka tunani. Bai yi ƙarya ba, amma rabin zance ya faɗa.

Ga misali. Uwargida ta dawo daga barka ta tarar da murfin tukunya a ƙasa, naman miya ya ragu, yara suna makarantar allo tun azahar, ga kyanwa a gindin turmi tana lasar baki. Sai ta ce, "Aikin kyanwar nan ne." In maƙwabciya ta ce mata, "Yaya, ta yaya kika sani?" za ta iya jero mata abin daki-daki: ga murfi, ga yara ba sa nan, ga bakin kyanwa. To wannan shi Bature ke kira "reason", tunanin da ke da matakala, wanda za ka iya kama hannun wani ka hau da shi.

Shi kuwa "think" ba ruwansa da matakala. Ɗan ci-rani da ke kwance a Legas yana begen gida, "think" yake yi. Wanda ya dubi gabas ya ce yana jin za a yi ruwa, shi ma haka. Kowane "reason" yana cikin "think", amma yawancin tunanin da muke yi daga safe zuwa dare bai kai a kira shi "reason" ba.

Asalin kalmar ma yana nuna haka. Turanci ya aro ta ne daga tsohon Faransanci, shi kuma daga Latin "ratio", wadda ma'anarta ta farko lissafi ce. Mu kuma hankali daga Larabci muka samo shi, "aƙal", kuma tushensa ɗaya da igiyar da ake yi wa raƙumi dabaibayi. Rumawa sun ga abin kamar ƙirga kuɗi, Larabawa sun gan shi kamar ɗaure dabba kada ta ɓace. Ni dai in za a bar ni in zaɓa, dabaibayin ya fi kwanta mini, don na san irin yawon da zuciya ke yi.

Sai "argue", wadda ta fi kowace jefa ɗalibanmu cikin rami. Fuska biyu gare ta. In aka ce direba da kwandasta suna "argue", musu suke yi, ƙila har da ɗaga murya. Amma in takardar jarrabawa ta ce ka yi "argue" a kan wata magana, babu wanda ya gayyace ka faɗa. Hujja ake so ka kafa. Ku kuma lura da abin da ke faruwa in an ƙara musu "with". Wanda ya yi "argue with" ƙaninsa, gardama suka yi. Wanda ya yi "reason with" ƙaninsa kuwa, zaunar da shi ya yi yana jan hankalinsa, kamar yadda kawu ke cewa, "Ɗana, tsaya ka ji, in ka sayar da gonar nan, baɗi me za ku ci?" Shi ya sa ko a Turancin Buroka, in mutum ya ce maka "reason am", cewa yake ka auna ka gani da kanka.

Akwai kuma wasu tagwaye, "deduce" da "infer". Malamin rabon gado ya san ƙa'ida: in mamaci ya bar ɗa, matarsa tumuni take samu, wato kashi 1 cikin 8. An ce masa wannan mamacin ya bar ɗa. Shi ke nan, hukunci ya fito, ba makawa. Wannan "deduce" ne. Uwargidanmu ta ɗazu kuwa "infer" ta yi, daga alamu ta hango abin da ya fi kama hankali, kuma tana iya kuskure, don wa ya sani ko ɗan maƙwabta ne ya leƙo kicin. Har shahararren ɗan binciken nan na littattafan Arthur Conan Doyle, Sherlock Holmes, wanda ya fara bayyana a 1887, yana kiran aikinsa "deduction", alhali in ka duba da kyau, irin aikin uwargida yake yi.

Yanzu ga wadda na fi so ku riƙe, "rationalise". Uwarsu ɗaya da "reason", duka daga "ratio" suka fito, amma ita da baya take tafiya. Mai "reason" yana fara tara dalilai, sannan ya bi su duk inda suka kai shi, ko da wurin bai yi masa daɗi ba. Dama kalmar dalili a Larabci ja-gora take nufi. Mai "rationalise" ya riga ya yanke abin da yake so, daga baya ya fita farautar dalilai. Magidanci ya ɗauki kuɗin haya ya sayi sabuwar waya. Da maiɗakinsa ta yi magana sai ya ce, ai don harkar kasuwa ce, ai tsohuwar ba ta riƙe caji, ai gobe farashi zai tashi. Ƙila duk gaskiya ne, sai dai ba su suka kai shi kasuwa ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, Ernest Jones, almajirin Sigmund Freud, shi ya yaɗa wannan ma'anar a wata maƙala da ya fitar a 1908. Mu ba mu jira shi ba, muna da kame-kame, muna da borin kunya. Bambancin kawai, mai borin kunya yakan san abin da yake yi, shi kuwa mai "rationalise" sau da yawa kansa ya fara yaudara kafin kowa.

Kada wani ya ɗauka wannan ilimi Turawa suka zo mana da shi. Shehu Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, wato fannin auna hujja, har suka yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin karanta fannin haramun ne. Maghili ya tsaya a kan halascinsa. Abin sha'awa, shi ma Suyuɗin da hujjoji ya kare matsayinsa.

Saboda haka ina roƙon malaman Turanci da abokan aikinmu masu fassara labarai, in kun haɗu da "reason" kada hannu ya yi saurin rubuta tunani. Ku dubi jimlar tukuna: wani wurin auna magana ne, wani wurin kafa hujja, wani wurin jan hankali. Ku kuma masu sauraro, ku aiko mana da kalmar da ake amfani da ita a garinku ga mutumin da ke neman dalili bayan ya gama aikata abu, za mu karanta a shiri na gaba.