Hutun Hunturu a Gaɓar Bahar Maliya: Daga Umdurman zuwa Sawakin

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, iyalan Khartum da Umdurman masu ɗan hali sun saba, idan sanyi ya shigo, su kwashi yara su nufi gabas zuwa bakin Bahar Maliya. Dalilin zaɓen wannan lokaci a fili yake. Da bazara gaɓar ba ta zaunuwa, zafi ya haura digiri 40 ga gumi mai danƙo. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan yi laushi, har a sami ɗan yayyafi, domin can ruwansu na hunturu ne, saɓanin namu. Ga Bahaushe kuwa tafiyar ta wuce shan iska, saboda hanya ce da kakanninmu suka taka da ƙafa don neman sauke farali.

Mu mun yi tamu a watan Janairu na 2020, gida biyu muka haɗa guzuri. Hanyoyi biyu ne daga Khartum. Tsohuwar ta bi ta Wad Madani, Gadarif da Kasala, kusan kilomita 1,200. Ta biyun ta bi ta Shandi da Atbara ta ratsa hamada zuwa Haya, kimanin kilomita 800, ita muka bi. Babu abin faɗi a kanta sai tsawo da ƙura, har zuwa bayan Sinkat, inda hanya ke gangarowa tsakanin duwatsu a hankali, manyan motocin kaya na tafiya kamar masu jin tsoron ƙasa, sai kawai teku ta bayyana daga nesa.

Galibin baƙi kan kama ɗaki a Bur Sudan, inda ake da fitilu da hayaniyar bakin ruwa. Mu mun gwammace mu yi hayar wani ɗan gida a gefen Sawakin, kilomita 60 kudu da birnin. Ɗaki biyu ne da rumfa da tsakar gida mai katanga, sai gadajen igiya da mutanen Sudan ke kira angarib, da randa biyu. Katangar ce ta sa muka zaɓe shi, don iyayenmu mata su sake ba tare da idon waje ba. Wanda zai yi irin wannan haya, kafin ya tambayi kuɗi ya fara tambayar ruwa. A wannan gaɓa ruwan daɗi saye ake yi, masu amalanken jaki ke kawo shi, kuma maganar wa zai biya ta fi kyau a gama ta tun ranar farko. Mai gidan, dattijo ne, da ya ji muna Hausa sai ya ce da mu cikin Larabci: "Ku ba baƙi ba ne a nan, 'ya'yana. Iyayenku sun riga ku kwana a garin nan." Muka ce, "Gaskiya ne, Baba." Ragi dai bai yi mana ba.

Wata mas'ala da ta taso tun daren farko ita ce ta kasaru. A mazhabar Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya cika sallarsa, don haka kasarunmu ya tsaya a kan hanya. Ruwan teku kuma mai tsarki ne, ana alwala da shi. Yaran sun yi ta maimaita wannan hukunci, ba don son ilimi kaɗai ba.

Tsohuwar Sawakin tsibiri ne ɗan ƙarami, kusan zagayayye, wanda aka haɗa da tudu da guntuwar hanya. Da duwatsun murjani da aka ciro daga teku aka gina gidajenta, masu hawa biyu da uku, da tagogin katako irin na Jidda. Daular Usmaniyya ta riƙe garin tun ƙarni na 16, kuma ɗaruruwan shekaru shi ne ƙofar wannan yanki zuwa Hijaz. Da Turawan Ingila suka ga mashigarsa ta yi wa manyan jiragen ruwa ƙunci, sai suka kafa Bur Sudan a 1905, fatake suka bi kasuwa, aka bar gidajen. Dutsen murjani kuwa in ba a shafa masa farar ƙasa a kai a kai ba, gishiri da iska cinye shi suke yi. Abin da muka tarar ke nan: tarin farin dutse, nan ƙofa a tsaye ba gida, can bene ba rufi, sai kyanwoyi da suka gaje unguwa. Masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, an sabunta su da taimakon Turkiyya, wadda shugabanta ya ziyarci tsibirin a Disamba 2017.

A nan ne muka fi daɗewa, a nan kuma muka zaunar da yaran. Alhazan ƙasar Hausa kan taso daga Kano ko Damagaram ko Maraɗi, su bi ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, tafiyar da kan ci shekaru, domin in guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙodago. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, Allah ya jiƙansa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban mutanenmu sun yi aiki a cikinsu don tara kuɗin jirgi. Duk mai wannan niyya, Sawakin yake hari. Ko bayan kasuwa ta tashi, nan ne aka ci gaba da tsare alhazai don duba lafiyarsu kafin su haye. Wasu sun haye sun dawo, wasu sun zauna suka hayayyafa, wasu kuma ajali ya riske su teku na gabansu. Yaron da ya tashi a Umdurman yana jin ana kiransa Fallata ko Takari bai san daga ina sunan ya faro ba, ya dace a kawo shi ya tsaya a wannan gaɓa.

Sauran kwanakin ƙauyukan bakin ruwa muka bi. Ƙasar Beja ce, makiyaya masu raƙuma da awaki, akwai kuma Rashaida da suka ƙetaro daga Hijaz a ƙarni na 19. Ba a gaggawa da gahawarsu ta jabana: a soya ƙwayar a gabanka, a daka da citta, a dafa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, kuma tashi bayan finjali ɗaya rashin ladabi ne. Akwai gashin salat, naman da ake shimfiɗawa a kan tsakuwar da aka ɗora bisa garwashi. A ganinmu ya fi kowane kifi da muka ci, ko da yake matan tafiyar ba su yarda ba. Game da wanka, ruwan bakin gaɓa ba shi da zurfi, amma murjani na yanka kamar reza, kuma bayansa ƙasa kan zurma kwatsam, don haka ba mu bar yaro ya shiga ba takalmi ko ba babba a kusa ba.

Wuni guda muka hau Arkawit, a kan tsaunuka, inda hazo ke lulluɓe itatuwa kuma sanyin na gaske ne. Can kabarin Usman Digna yake, kwamandan Mahadi a gabashin Sudan, wanda aka kama a 1900 ya rasu a 1926. Tsibirin murjani na Sanganib da mashigin Dungunab, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, sai da jirgin ruwa da kuɗi mai kauri, saboda haka muka bar su ga masu hali.

Yaƙin 2023 ya juya wannan hanya. Iyalan da a da ke binta don hutu suka bi ta don tsira, gwamnati ta koma Bur Sudan, jirage suka yi ta kwashe mutane zuwa Jidda, kuma gidajen hayar baƙin hunturu suka cika da 'yan gudun hijira, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. A Agusta 2024 madatsar Arba'at, babbar madogarar ruwan shan Bur Sudan, ta ɓalle. Sojoji sun sake kama Khartum a Maris 2025, amma a Mayu na shekarar jirage marasa matuƙa suka kai hari Bur Sudan ɗin kanta. A cikin waɗanda suka kwana a makarantu da rumfunan wannan gaɓa akwai Hausawan Khartum da Umdurman da na Jazira, jikokin alhazan da suka taɓa jiran jirgi a Sawakin. Allah ya kawo musu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.