Lagireton Tsohuwar Fijo: A Duba Kafin A Biya

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, mai niyyar zuwa gida Garam ta ƙasar Suleja da tsohuwar Peugeot 504, ya fara duba lagireto. Hanyar Lakwaja doguwa ce, ga zafi, in ruwa ya tafasa sai injin ya buga.

Motar nan ta fito a Faransa a 1968, kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna kuwa ya soma aiki a 1975. Lagiretonta na asali na jan ƙarfe da tagulla ne. In ya tsage, mai gyara a Suleja zai liƙe shi da dalma. Na alminiyam mai kan roba ya fi araha, amma in robar ta fashe sai dai sabo.

Saboda haka a tafi kasuwar Ladipo da tsohon a hannu. A gwada tsawo da faɗi, da bakin tiyo, da ramukan noti. Mai layi uku ya fi mai layi biyu sanyaya inji. A toshe bakunansa, a hura iska, a tsoma a ruwa. In kumfa ta taso, yana yoyo. A sake murfi da tiyo gaba ɗaya.

Allah ya kai mu lafiya.