HATIMIN DA KE BAKIN ATAMFA

Duk wanda ya taɓa zama kusa da inda mata suke buɗe akwatunan lefe ya san abin da hannunsu yake fara nema. Kafin a dubi launi ko zane, sai a juya bakin turmin a duba hatimin da aka buga a jikinsa. In an ga Holan ce, ko Sufa, sai guɗa ta tashi. In kuwa wata ce, sai a ture ta gefe shiru, ko da ta fi ɗaukar ido.

To, jama'a, mene ne asalin wannan daraja? Kamfanin Vlisco, mai yin atamfar Holan, an kafa shi a garin Helmond cikin 1846. Da fari rinin hannu na mutanen tsibirin Jawa, a Indonesiya, suka kwaikwaya da inji don su kai can su sayar. Mutanen Jawa suka raina ta, saboda 'yan tsage-tsagen da launi yake bi in kakin da aka shafa wa yadin ya fashe. Da 'yan kasuwa suka juyo da ita gaɓar Afirka ta Yamma, sai wannan aibin ya zama shi ne shaidar ta ainihi. Cikin 1973 kamfanin ya fito da Sufa, watau ya ƙara wa masu hali wani matakin da za su hau su bar na ƙasa.

An yi ta buga atamfa a Kaduna, inda masaƙa ta farko ta buɗe cikin 1957, amma ta gida ba ta taɓa hawa saman akwati ba. Yau kuwa Kantin Kwari cike yake da 'yar Sin, wata har da hatimin Holan na jabu, kuma sau da yawa mai saye ya sani sarai. Bakin dangin amarya yake so ya rufe.

Abin da mazhabar Malikiyya ta ɗora wa mai neman aure shi ne sadaki, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Lefe al'ada ce. Amma ga saurayi nan ya haɗa sadakinsa, ya kama ɗaki, an sa rana an ɗaga har sau biyu, don turmi shida na Sufa da uwar yarinya ta ce kada akwati ya shigo gidanta babu su.