YARON DA AKA HAIHWA BABU MIYAU

Kowa ya san hangum, ciwon da ke kumbura kumatun yara. Wurin nan da ke kumbura, gaban kunne, maɓuɓɓugar miyau ce. Mutum na da manya guda 6: 2 gaban kunnuwa, 2 ƙarƙashin muƙamuƙi, 2 ƙarƙashin halshe. A yini guda suna ba babban mutum miyau wajen litar 1.

To, akwai yaron da ake haihuwa babu wasu daga cikinsu. Abin ba ya da yawa. Ba maita ba ce, ba laihin uwa ba ne. Tun cikin ciki ne ba su tsiro ba. Wani sa'i gado ne.

In guda ɗai ce babu, sauran na yin aikinta, mutum har ya tsuhwa bai sani ba. In da yawa ne babu, nan wahala take. Bakin yaro kullum bushe, leɓɓa tsattsage. Ba ya haɗiye ƙuli-ƙuli sai ya kora da ruwa. Haƙoranshi na ruɓewa tun yana ƙarami, don miyau ne ke wanke su. Wani ma yana kuka babu hawaye.

A likita, lokotoro zai buɗe bakin yaro, ya nemi ƴar ƙohwar da miyau ke hitowa cikin kunci, daura da turamen haƙora na bisa. Sai ya matsa kuncin ya gani ko miyau zai zubo. In bai ga ƙohwar ba, ya aika a yi hoton da ake ce ma ekogarahi, irin wanda ake yi ma mata masu ciki. Ba allura, ba zahi. In hoton bai gamsar ba, sai a tahi babbar likita a yi na sikana.

Amma a yi hattara! Yaron da ke zawo, bakinshi ya bushe, idanu suka zurma, ruwan jikinshi ne ke ƙarewa. A ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita ran nan.

Maɓuɓɓugar da babu, magani ba ya tsiro da ita. Haƙora ake ceto. Yaro ya riƙa kurɓar ruwa, abincinshi ya ji miya, a rage mashi sukari da alewa. A goge haƙora da man goge baki sahe da dare, a riƙa kai shi wurin lokotoron haƙora ko ba ya jin ciwo.