Garkar gida da rumfarta

Ƴan uwa, damana ta wuce, lokacin garka ya zo. A Turai, masu garka suna gina ɗakin gilashi don kada sanyi ya kashe shibka. Mu nan, rana da iska ne ke kashe ƙananan iri. Maganinsu rumfa.

Ku kafa rumfar kara kusa da rijiya, tsayinta metir 1. Ƙarƙashinta za ku yafa irin tumati, shu da albasa.

Kewaye da rumfa, ku ja fangula. Faɗin kowane metir 1, da hanya tsakani. Haka hannu zai kai tsakiya ba a taka shibka ba. Ku zuba ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Idan iri ya daɗe cikin inuwa, sai ya yi tsawo ba ƙarfi. Sati guda kafin dashe, ku riƙa rage karan rumfa. Tumati kwana 30 ya isa dashe, albasa kwana 45. Ku dasa da marece.

Ku yi darni saboda awaki. Ku jera zogala wajen gabas ta tare iska. Garka ta yi kyau, uwargida ta samu kayan miya kusa.