Sunayen Kayan Cikin Akwatin Lefe: Daga Ina Suka Zo?

Uwargida, idan kaka ta yi a Funtuwa da Malumfashi, aka cire auduga aka sayar da masara, to lokacin biki ya kama. A ranar kawo lefe za ki ji mata suna lissafi: leshi kaza, Holan kaza, gezna kaza. Shin kin taɓa tambayar kanki inda waɗannan sunaye suka fito?

Mu fara da waɗanda suka zo mana daga Turai. Leshi kalmar Ingilishi ce da bakin Bahaushe ya gyara ta. Holan sunan ƙasa ne, domin a garin Helmond na ƙasar Holan kamfanin Vlisco yake buga atamfarsa, kamfanin da aka kafa tun 1846. Gezna kuwa sunan masu kamfani ne, wato Getzner, masaƙar da aka kafa a 1818, take kuma saƙa shadda a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Hatta siket da shat da 'ya'yanmu ke sawa zuwa makaranta asalinsu ɗaya, daga wata tsohuwar kalma mai nufin gajeriyar tufa. Daga baya ne aka raba, ɗaya ta zama ta sama, ɗaya ta ƙasa.

Sai dai su ma Turawan aro suka yi. Faransawa na kiran siket "jupe", wadda ta samo asali daga "jubba" ta Larabci. Kalmar ta shiga Italiyanci a matsayin "giubba", ta shiga Jamusanci a matsayin "Joppe", mu kuma ta iso mana a matsayin jabba, rigar nan da sarakuna da malamai ke ɗorawa. Sunan auduga ma a Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci daga "ƙuɗun" na Larabci yake.

Wadda ta fi ba da mamaki ita ce "robe", sunan da Faransawa ke kiran doguwar rigar mace. Asalinta tsohuwar kalmar Jamusawa ce mai nufin ganimar yaƙi. A wancan zamani tufa dukiya ce, saboda komai da hannu ake yi, don haka idan aka ci gari da yaƙi tana cikin abin da ake kwashewa. A hankali sunan ganima ya koma sunan riga. Har yau "ropa" na nufin tufafi a Sifaniyanci.

Kakanninmu ba za su yi mamakin wannan ba, domin sun san wahalar da ke cikin zane ɗaya. Mace ce za ta gurje auduga ta fid da angurya, ta shiɓe ta, ta ɗauki mazari da alli ta kaɗa zare, sannan a kai wa masaƙi, daga nan sai marina. Daga wannan aiki aka samu saƙi da gwado da barage da tsamiya, wadda ta ci sunan itacen da ake samun tsutsar zarenta a kai. Alharini ne baƙo a cikinsu, sunansa daga Larabci, fatake kuma suka riƙa kawo shi ta hamada daga Tarabulus.

Me ya sa sunayen gida suka ja baya? Amsar tana gonakinmu. A 1902 aka kafa kamfanin BCGA a Ingila domin samar wa masaƙun ƙasar auduga. Ya buɗe gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda da aka kammala a 1929 kuma ya ratsa Funtuwa. Audugarmu ta riƙa fita a dila, yadi na shigowa da baƙon suna. An yunƙura daga baya: masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, ta Funtuwa ta biyo baya a 1978. Amma rashin wuta da kwararowar yadin waje mai araha sun durƙusar da yawancin masaƙun Arewa, har ta Kadunan ta rufe a 2002.

To 'yar'uwa, aron kalma ba laifi ba ne, kowane harshe yana yi. Abin dubawa shi ne yadda suna ya zama mizanin mutunci a tsakaninmu. Sau nawa aka ɗaga biki, ko aka ci bashi da ba a biya sai wata kakar, don kawai a ce akwai Holan da gezna a akwati? Sau nawa aka raina dangin ango don atamfarsu 'yar gida ce? Ga shi kuwa ɗaya sunan ƙasa ne, ɗaya sunan masu kamfani. Abin da ake nema ga tufa shi ne ta suturta, ta yi ƙarko, ta dace da ƙarfin mai saye.

Idan akwai tsohon saƙi ko gwado a adakar kakarki, ki fito da shi ki nuna wa 'ya'yanki, ki gaya masu sunansa da hannun da ya kaɗa zarensa. Idan kuma lefen ɗanki ko na 'yarki ya taso, ki zama ta farko da za ta ce a yi daidai ƙarfi. Allah ya suturta mu duniya da lahira, amin.